Hadarin da Ya Wuce Ta Kanmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ruwan damina daga gabas yake zuwa. In la'asar ta yi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga ƙura da ledoji, ba sai an ce wa mata su kwashe shanya ba, ba kuma sai an ce wa mai tebur ya rufe kayansa ba. Hadari ya taso, ya zubar da abin da zai zubar, ya yi yamma. Daga nan mu dai mun gama da shi, ba mu cika tambayar inda ya nufa ba.

Masana yanayi sun bi sawunsa. A lokacin damina akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a sararin yankin Sahel, kimanin kilomita 3 zuwa 4 sama da kawunanmu. Bambancin da ke tsakanin zafin Sahara da sanyin dazuzzukan kudu ne ke haifar da ita. Ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar maciji, kuma kowace lanƙwasa tana tara gajimare da tsawa a jikinta. Waɗannan lanƙwasoshi su ake kira igiyoyin gabas na Afirka. Da yawansu daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur suke tasowa, su ratsa Cadi, su bi ta kan Nijar da arewacin Najeriya, su wuce Mali, su faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini. Duk kwana uku zuwa biyar ɗaya takan wuce, kusan 60 a shekara. Wadda ta bi ta kan Kano takan isa Dakar cikin kwana huɗu ko biyar. Yawancinsu a teku suke mutuwa, ba wanda ya ji labarinsu. Amma kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika, irin waɗanda ke yaye rufin gidaje a Kyuba da Haiti da Amurka, daga cikin waɗannan igiyoyi suke fitowa.

Ni kimiyyar kwamfuta na karanta, rubuta manhaja ce sana'ata, kuma da ba ruwana da guguwar teku in ban da abin da nake ji a labarai. Abin da ya jawo ni ciki shi ne wani saƙo da ya shigo wayata a ƙarshen watan Satumban 2022. Abokina ne da muka yi jami'a tare, wanda ya tafi ƙaro ilimi a birnin Tampa na jihar Fulorida. Ya turo mini taswira ta WhatsApp, an zana wani abu mai kama da mazurari a kanta, da baƙin layi a tsakiya yana nuna wajen garin da yake. Ya rubuta: "Mutumina, kai da ka san kan kwamfuta, duba min wannan. In kwashi iyali in gudu ne, ko in zauna?" Matarsa tana jego a lokacin, jaririyar ba ta yi arba'in ba. Na ce masa ya bi abin da hukumomin garin suka ce, domin su ke da alhakin. Amma a daren nan ban kwanta da wuri ba. Ina so in san wane irin lissafi ne ya haifar da wannan zane da har mutum zai ɗora rayuwar iyalinsa a kai.

Guguwar ita ce Ian. Kuma rahoton cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Miami ya nuna cewa asalinta igiyar gabas ce da ta bar gaɓar Afirka ta Yamma a tsakiyar wannan watan, wajen ranakun 14 da 15.

Kafin igiya ta zama guguwa sai abubuwa da dama sun haɗu. Ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyas, domin tururin da ke tashi daga shi ne abincinta. Iskar sama da ta ƙasa su kasance ba sa saɓa wa juna sosai, in ba haka ba sai su karkatar da ita kamar yadda ake ture tulin kwanuka. Kada kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shige ta, domin tana shaƙe ta. In komai ya daidaita sai gajimaren ya fara juyawa a kan cibiya guda. Idan gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna, in ya kai 119 ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa. Kakarta a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani wajen 10 ga Satumba, wato daidai lokacin da gero ke nuna a gonakinmu.

Guguwa ba ta da ƙafar kanta. Kamar ƙwarya take a kan kogi, inda ruwa ya yi nan take yi. Kogin nata shi ne manyan iskokin da ke kewaye da ita. A tsakiyar Atlantika akwai wani makeken yanki mai nauyin iska, tsakanin Bermuda da tsibiran Azores, wanda ke tsaye kamar tudu. Guguwa ba ta iya hawa shi, sai dai ta bi gefensa. In tudun ya yi ƙarfi ya miƙe zuwa yamma, sai ya kora ta har cikin tekun Karibiyan ko mashigin Meziko. In ya yi rauni ko ya tsage, sai ta sami ƙofa ta karkata arewa ta je ta mutu a ruwan sanyi ba ta taɓa kowa ba. Don haka wanda ke son sanin inda guguwa za ta je, dole ya san yadda iskar rabin duniya za ta kasance nan da kwana biyar.

Nan ne sana'ata ta shigo. Ana yanka sararin duniya gida-gida kamar gidajen dara, a jera su hawa-hawa daga doron ƙasa zuwa can sama. A manhajar cibiyar hasashen yanayi ta Turai, mai hedkwata a Reading ta Ingila, faɗin kowane gida kimanin kilomita 9 ne, hawan kuma 137. A kowane gida ana zuba adadin zafi da laima da nauyin iska da gudunta da inda ta dosa. Sai kwamfuta ta yi amfani da dokokin kimiyyar motsi ta lissafa yadda kowane gida zai canza nan da 'yan mintoci, ta ɗauki amsar ta sake lissafawa, ta yi ta maimaitawa har ta kai kwana goma ko fiye. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san wannan tsari na maimaita umarni. Girman aikin ne kawai ya bambanta.

Matsalar tana cikin abin da aka zuba da farko. A 1961 wani masani mai suna Edward Lorenz, a jami'ar MIT, ya so ya sake gudanar da wani lissafin yanayi daga tsakiya. Kwamfutar tana riƙe da 0.506127, takardar da ta buga kuwa 0.506 ta nuna, shi kuma abin da ke kan takarda ya shigar. Da farko amsoshin biyu suka tafi tare, daga baya suka fara rabuwa, can gaba kuma babu abin da ya haɗa su. Wannan labari ya taɓa ni fiye da yadda zai taɓa wani, domin a darussan farko ake nuna mana cewa in ka ce wa kwamfuta ta haɗa 0.1 da 0.2, abin da za ta ba ka shi ne 0.30000000000000004. A manhajar lissafin kuɗi wannan ɗan ɓurɓushi ana share shi a wuce. A lissafin iska kuwa girma yake yi yana ninkuwa, har ya zama bambanci tsakanin garin da zai nutse da wanda ko yayyafi ba zai gani ba. Lorenz ya nuna cewa wannan ɗabi'ar iskar ce ita kanta, ko an kawo kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi ba za ta kawar da ita ba.

Maganin da masana suka samo ya burge ni saboda sauƙinsa. Tunda ba a san farkon daidai-wa-daida ba, sai a gudanar da lissafin sau da yawa, kowane karo a ɗan taɓa adadin farko kaɗan. Tun 1992 ake wannan. Cibiyar Turai tana gudanar da 51 a lokaci guda, ta Amurka 31. Kowanne yana ba da hanyarsa, in aka zana su a taswira ɗaya sai su fito kamar an watsa taliya a faranti, kuma da taliyar ma Turawa ke kwatanta zanen. In zaren taliyar sun haɗu wuri guda, an sami natsuwa. In sun warwatse, wasu sun yi Meziko wasu sun yi Kanada, to iskar ce ke cewa ba ta yanke shawara ba tukuna.

Lokacin da suka fi warwatsewa shi ne sa'ad da abin bai gama zama guguwa ba. Igiyar da ke tasowa ba ta da cibiya guda, tarin gajimare ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, kuma juyawar na iya kamawa a arewacinsa ko a kudancinsa. Kowace manhaja tana ɗora cibiyar a inda ta ga ya fi dacewa, kuma kilomita 100 na bambanci a yau na iya zama ƙasa daban nan da mako. Bugu da ƙari, guguwa mai rauni gajera ce, iskar ƙasa ke tuƙa ta, mai ƙarfi kuwa doguwa ce, iskar can sama ma tana da ta cewa a tafiyarta. Wato ba za ka san hanyarta ba sai ka san ƙarfinta, ba kuma za ka san ƙarfinta ba sai ka san irin ruwan da hanyar za ta bi da ita. Shi ya sa a wannan mataki cibiyar Miami ba ta zana layi. Alama kawai take sakawa a taswira, rawaya ko ruwan lemo ko ja, tare da kaso nawa cikin 100 ne yiwuwar abin ya zama guguwa cikin kwana biyu da kuma cikin kwana bakwai.

Mazurarin da abokina ya turo mini sai guguwa ta tsaya da ƙafarta ake zana shi. Yadda ake ƙayyade faɗinsa shi ne abin da na fi girmamawa a cikin aikin gaba ɗaya. Cibiyar tana tattara duk hasashen da ta yi a shekaru biyar da suka wuce, ta auna tazarar da ke tsakanin inda ta ce guguwa za ta kasance da inda ta kasance a zahiri, sannan ta yi faɗin mazurarin yadda zai ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan tazara. Ma'aikata ce ke buga tarihin saɓaninta a jikin kowace sanarwa da ta fitar. Ma'anarsa, sau ɗaya cikin uku cibiyar guguwar na iya fita wajen mazurarin. Kuma cibiyar kaɗai zanen ke nunawa, iska da ambaliyar teku suna kai wa nesa da gefensa. Tun daga 1990 zuwa yau kuskuren hasashen kwana uku ya ragu da fiye da rabi, mazurarin yana ta tsukewa shekara bayan shekara, amma har yanzu mazurari ne.

Idon mutum kuwa layi yake so. Kwanaki kafin Ian ta iso, manhajar Amurka tana jan ta arewa, ta Turai da ta Ingila suna jan ta kudu, layin tsakiya kuma ya ɗan jima yana nuna wajajen Tampa. Can aka mai da hankali, can 'yan jarida suka kafa kyamarori. Abokina ya bi umarnin kwashe mutane, ya loda iyalinsa a mota suka bar garin. Ranar 28 ga Satumba guguwar ta sauka a tsibirin Cayo Costa kusa da Fort Myers, can kudu da Tampa. Ruwan teku ya hau tudu da tsayin ƙafa 10 zuwa 15 a wasu wurare. Sama da mutum 150 suka rasa rayukansu sanadiyyarta. Wurin da ta sauka yana cikin mazurarin, ta gefensa na kudu, amma mutane da yawa a can sun dubi layin sun ga ba su yake nunawa ba. Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne, a ranar 13 ga Agustan 2004 guguwar Charley ta yi kusan irin wannan. Ana jiran ta a Tampa, ta karkata ta sauka a wannan tsibiri na Cayo Costa.

Da abokina ya koma gida ya tarar ko tagarsa ba ta fashe ba, sai ya kira ni yana dariya, ya ce: "Ka ga masu hasashen nan sun sa na ƙona man mota a banza." Na ce masa a ganina ba a banza ba ne. An gaya masa akwai babbar yiwuwa, ya yi abin da mai hankali zai yi da jaririya a hannu, kuma da za a maimaita wannan mako sau goma, a wasu daga ciki gidansa ne zai kasance a ƙarƙashin ruwa. Shawara mai kyau ana auna ta da abin da aka sani lokacin da aka yanke ta. A wurin aikina kullum ina ganin irin wannan ƙishirwar amsa ɗaya tak. Mai ba da aiki yakan ce, "Yaushe za a gama?" In ka ce tsakanin mako huɗu da bakwai, huɗun kawai yake ji. Tun daga Ian na koyi rubuta duka biyun da manyan baƙaƙe, in kuma faɗi abin da zai sa a kai bakwai ɗin.

Akwai wani ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai. In ƙaramin kuskure a farkon awo shi ke girma ya zama babba, to ina farkon yake? A kanmu yake. Idan guguwa ta matso Karibiyan, jiragen sama na musamman suna kutsawa cikinta suna sakin na'urori masu auna iska daga sama har teku, ga na'urorin hangen ruwa a ƙasa, ga tashoshi birjik. Amma a lokacin da take igiya tana ratsa Cadi da Nijar da Najeriya, awon da ake samu kaɗan ne. A ƙa'ida, tashoshin yanayi a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da na'ura sau biyu a rana don auna iskar sama. Afirka ce nahiyar da wannan aiki ya fi rauni, kamar yadda hukumar yanayi ta duniya ta sha nanatawa, domin balan-balan da iskar da ake hura masa da na'urar da ba ta dawowa duk kuɗi ne na kullum. Taurarin ɗan'adam suna cike wani giɓin, amma daga sama suke leƙe, suna buƙatar awon ƙasa su daidaita kansu da shi. Masana sun daɗe da sanin muhimmancin yankin. A 1974 ƙasashe da dama sun yi gagarumin bincike daga Dakar, a 2006 kuma aka sake wani a kan daminar Afirka ta Yamma, aka girke na'urori masu yawa a Yamai. Binciken kan ƙare, wasu na'urorin su koma inda suka fito.

Wannan giɓi mu ya fi cutarwa. Igiyoyin nan su ne ke tsara yawancin manyan ruwan da muke samu. A daminar 2022, lokacin da Ian ke kan hanya, ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ranar 10 ga Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri bayan madatsar Alau ta ɓalle. Manyan manhajojin duniya, masu iya hango inda guguwa za ta kasance nan da kwana biyar, suna shan wahala wajen faɗin ko za a yi ruwa gobe a Haɗejiya, saboda hadarinmu yakan haɗu cikin 'yan awoyi a fili ƙarami, ga kuma ƙarancin awo. Hadari guda ne, amma sai ya bar mu ya tsallaka teku sannan ake auna shi da kyau.

Wasu abokan sana'ata suna ganin ƙirƙirarriyar basira za ta warware komai. Lallai ta zo da abin mamaki. Manhajar GraphCast ta kamfanin Google DeepMind tana fitar da hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma a Satumban 2023 ta nuna cewa guguwar Lee za ta sauka a Nova Scotia ta Kanada kwana tara kafin faruwar hakan. Cibiyar Turai ma ta fara aiki da irin tata a Fabrairun 2025. Sai dai waɗannan manhajoji daga tarihin yanayi na kusan shekara 40 suka koyi aikinsu, kuma kowace rana sai an ba su halin da iska ke ciki a yau kafin su ce komai game da gobe. Inda ba a auna ba, ƙiyasi aka ba su suka koya. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa tambayata ko wannan duk ba shisshigi ba ne a cikin sanin gaibu. Na ce masa, "Baba, in gabas ta yi baƙi ka ce yara su shigo da awaki, gaibu ka sani?" Ya ce a'a, alama ya gani. Na ce to su ma alamar suke karantawa, sai dai idonsu ya fi namu nisa, kuma da bakinsu suke cewa sau ɗaya cikin uku abin na iya saɓa musu. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu hasashen guguwa za su yarda da wannan, su ƙara da cewa daga Litinin ba a cika ganewa sosai ba.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, da na kwanaki, a Yamai kuma akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD masu yi wa yankin aiki. Abin da nake ganin ya rage wa irinmu masu rubuta manhaja shi ne hanyar da saƙon zai isa wayar manomi da mai gida a bakin kogi, da Hausar da zai gane, ba tare da an yanke masa faɗin mazurarin ba. "Za a yi ruwa gobe" gajere ne, yana da daɗin ji, amma ranar da bai zo ba an rasa amincewar mutum. "Kashi 70 cikin 100" kuwa ba kowa ke jin nauyinsa ba. Na gwada kalmomi iri-iri a kan mahaifiyata da maƙwabta, wanda ya fi shiga shi ne: "A cikin kwana goma masu irin alamun gobe, bakwai an yi ruwa mai yawa." Da na faɗa wa mahaifiyata haka, ba ta tambaye ni ko tabbas ne ba. Cewa ta yi a ɗaga buhunan masara daga ƙasa a ɗora su a kan benci.